Shekarar da Muka Yi wa Gada Jinka

Kun sha ji a bakin mutane cewa ni da baffanku Nomau ba ma ga maciji, wasu har suna ƙarawa da cewa baƙin cikina ne ya kore shi daga gari. Ranar sunan ɗan Hadiza na ji wata tsohuwa tana faɗa wa matar ɗayanku haka a bayan danga, ta ɗauka kunnena ya mutu kamar yadda idona ya yi rauni. Kunnena lafiya lau yake. Shi ya sa na ce bari in faɗa muku da bakina tun ina da sauran numfashi. Tun da uwa ta haife mu, ni da Nomau ba mu taɓa ɗaga wa juna murya ba. Abin da ke tsakaninmu kishi ne, kuma a wajena kaɗai yake. Shi bai ma san da shi ba, kuma rashin sanin nasa ya fi komai ci mini rai.

Gadar da kuka sani a gabas da Kwarin Dunya, wadda kuka yi wasa a inuwarta kuna yara, ba ita ce ta farko ba. Ta farko an yi ta ne a zamanin aikin dole, ina saurayi. Ƙoramar nan da rani rairayi ne zalla, jaki ma ba ya lura ya ƙetare ta, amma in ruwa ya gangaro daga tuddai da damina sai ta haɗiye raƙumi da kayansa. Kumandan, Baturen mulki na Dogon Dutsi, yana son motarsa ta riƙa bi daga Tibiri zuwa Gecheme rani da damina, saboda haraji da geron da ake karɓa. Sai dogarawansa, waɗanda muke kira gardi, suka zo suka tattara maza, aka kora su kudu, kurmin giginya na hanyar Gaya, su saro su ɗauko a ka. Baba, wato kakanku Bawa, shi ne masassaƙin garin, turmi da akushi da ƙota duk daga hannunsa suke fita, don haka shi aka ɗora a kan aikin, ba a tambaye shi ko yana so ba. A hanyar dawowa gungume ya danne Tanko, ɗan Kawu Gado wan mahaifiyarmu, aka binne shi a daji inda ba mai iya nuna kabarin yau. Aka gama gada, aka shimfiɗa azara a kan gungumen, aka zuba ƙasa a sama. Mutane suna bi ta kanta zuwa kasuwa, amma ba wanda ke sonta, tsofaffin mata har tofi suke yi in za su hau. Baba bai taɓa bugun ƙirji da ita ba. Sai dai duk ran da zai ƙetare, in ya kai tsakiya, yakan buga diddige a ƙasa ya saurara, kamar mai ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa.

Ni ne ɗan fari, kuma ku yaran yanzu ba ku san abin da wannan ke nufi a zamaninmu ba. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kallona ido da ido, in za ta ba ni fura sai ta ajiye a ƙasa ta ce wa wani ya ce wa wancan ya ɗauka. Baba kuwa “kai” yake ce mini. Kunya ce, na sani, haka ake yi wa kowane ɗan fari a ƙasar Arewa, ba ƙiyayya ba ce. Amma sani daban, ciki daban. Ina gindin gawo ina riƙe wa Baba ice yana sassaƙa, sai in ji Inna a tsakar gida tana kiran Nomau da sunaye iri-iri, tana dariya, shi kuwa yana kwance a jikinta kamar ɗan akuya. Na girma a gefen Baba, na koyi komai nasa, har na kai in an kawo turmi gyara ba a gane nawa ne ko nasa. Babban yabon da na taɓa samu a bakinsa shi ne ya juya abin da na sassaƙa, ya ajiye bai ce komai ba.

Da yaƙin Turawa ya yi zafi aka ce gidanmu ya ba da mutum ɗaya soja. Ni ya kamata in tafi. Ana cikin shawara a zaure sai Nomau ya miƙe.

“Yaya na da mata da goyo,” in ji shi. “Ni ba ni da kowa sai jakina. Ni ka tahiya.”

Goyon da yake nufi yayarku Hadiza ce. Ya tafi, kuma tun daga ranar nake ɗauke da nauyinsa a wuya, nauyin da ba shi da ranar saukewa. Shekarun da ya yi ba ya nan, ni na noma gonar gida, ni na riƙe sassaƙa da hannun Baba ya fara rawa, ni na yi jinyar Inna. Kullum in an idar da salla Baba zai ɗaga hannu ya roƙi Allah ya maido masa Nomau. Nakan ce amin da zuciya ɗaya, Allah ne shaida, amma ban taɓa jin an roƙa wa wanda ya zauna komai ba.

Ya dawo a shekarar da aka ce an daina aikin dole. Ya dawo da muƙamin kafaran, wato kofur, da takalman soja, da Faransanci a baki, da wata irin dariya mai buɗe fuska wadda ke sa ko maƙiyi ya matso. Bai dawo da girman kai ba, da ma ya yi, da na samu abin riƙewa. Ranar da ya sauka ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni a gaban jama'a, ya ba ni bargon soja da wuƙa mai naɗewa. Da daminar nan aka yi ruwan da tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba, ƙorama ta cika ta batse, ta kwashe rabin gada. Gumaguman sun riga sun ruɓe daga sama, inda ƙasa ke riƙe laima, gara kuma ta gama da cikinsu. Da farko gari murna ya yi. 'Yan bori suka ce Doguwar ƙorama ce ta karɓi wurinta, Kawu Gado ya yanka akuya ya raba. Murnar ba ta daɗe ba, don kasuwar Gecheme ta gagara, gishiri ya ƙare a gidaje, makiyayan da ke sauka a bayan gari suka yi asarar shanu wajen ƙetarewa. A cikin wannan hali aka yi kira daga wancan gaɓa cewa mahaifiyar uwarku Dije ta cika. Garinsu ga shi nan ana hangen rumbunansa. Dije ta tsaya a bakin ruwa tun hantsi, ina riƙe da hannunta kada ta faɗa, tana hangen mutane sun ɗauki uwarta sun nufi maƙabarta.

Bayan an shigar da hatsi Nomau ya hau dokin aro ya tafi Dogon Dutsi, ya shiga wurin kumandan ba tare da tafinta ba. Da ya dawo Baba ya sa aka kira mu zaure mu biyu.

“Mi Nasara ya ce?” in ji Baba.

“Ya ce dole ta ƙare, Baba, ba shi iya tilasta kowa. In gari na so, shina ba da kamyo shi ɗauko giginya, shina ba da ƙarfe da kwalta. Hannu kuwa namu na.”

Sai ya share ƙasa da tafin hannu ya fara zane da tsinke. Ya zana gada, ya ɗora mata wani abu a kai.

“Can ƙasar da munka yi yaƙi, cikin duwatsu, na ga gada da ɗaki bisa kanta. Ruwa ba shi taɓa icen, rana ba ta taɓa shi. Mutanen wurin sunka ce ta girmi kakanninsu. In munka yi ma tamu jinka, munka daina zuba mata ƙasa, sai ta binne mu duka tana nan tsaye.”

Na ce, “Gada ai ba rumbu ba ce.”

Baba ya yi dariya, amma ba maganata ta ba shi dariya ba, bai ma ji ta ba. Ya sunkuya a kan zanen yana girgiza kai, idonsa yana ƙyalli irin wanda ban taɓa gani ba.

“Tun da anka yi ta nike kallon ruwa na cin icen ga,” in ji shi, “hankalina bai taɓa kai nan ba.”

Ya miƙa hannu bayansa ya jawo gizagonsa, wanda ya gada wurin ubansa, wanda ni nake wasawa tun ina yaro, ni na sake masa ƙota har ban san iyaka ba. Ya miƙa shi ta gabana, hannunsa yana rawa har bakin ƙarfen ya kusa shafar gwiwata, ya ajiye a gaban Nomau.

“Baba, Yaya na zaune,” in ji Nomau, bai taɓa gizagon ba.

“Na gane shi. Shi ya iya ice, kai ka iya mutane da Nasara. Shina bayanka.”

Haka aka yanke. Ba a tambaye ni ba, kamar yadda gardi ba su tambayi Baba ba.

Maganar ba ta kwana ba sai da ta zaga gari. Kashegari ina gindin gawo ina fafe turmi sai ga Kawu Gado da sandarsa. Mutum ne dogo, busasshe, wanda tun mutuwar Tanko bai taɓa taka gadar ba, ko da rani ta cikin rairayi yake bi. Ya zauna a kan gungume ya daɗe yana kallona.

“Arzika, an ce ƙanenka anka ba gizago.”

“Haka na, Kawu.”

“Kai ka noma, kai ka ciyar, kai ka yi jinya, wani ya zo da takalmi ya ɗauke gado. To ji nan. Samarin garin ga kai suka sani, da kai sunka yi gayya shekara da shekaru. In ka zauna, rabinsu na zama. Ba ka ce ma kowa komi ba, ciwon baya kawai za ka yi. Gadar da ta ci mini ɗa, a bar ta inda Allah ya kayar da ita.”

Ba zan ɓoye muku ba, maganarsa ta shige ni kamar ruwan sanyi a maƙogwaron mai azumi. Gaskiya ya faɗa, in na zauna aikin ba zai yiwu ba, kuma ba mai iya cewa na yi laifi. Na hango Nomau tsaye a bakin ƙorama da gizagon Baba, ba kowa a bayansa, na hango Baba ya aiko a kira ni. Na yini da wannan hoto ina juya shi, yana mini daɗi. Da na shiga gida Dije tana tankaɗe, ta dube ni sau ɗaya ta gane, don uwarku ba a ɓoye mata abu.

“Na ga Kawu wurinka, maigida.”

“Gaisuwa ce ta kawo shi.”

“Kawu ba shi gaisuwa da rana tsaka.” Ta ci gaba da tankaɗenta. “Na san abin da anka yi maka ba daidai ba ne. Ni ka wanke tufanka, na san wanda ya yi gumi gidan ga. Amma ni ban ga fuskar innata ba. In ruwa ya sake zuwa, babana na can, tsoho na. Ka yi abin da ka ga dama, ni dai na hwaɗi nawa.”

Ranar da maigari ya tara mutane, Nomau ya yi bayani da kyau, amma kowa ya sunkuyar da kai. Na lura samari ba shi suke kallo ba, ni suke satar kallo. Kawu Gado yana gefe ya dogara haɓa a kan sanda. Wannan ita ce rana ɗaya tak a rayuwata da gari ya jira bakina. Na tashi na saɓa gatari a kafaɗa, na ce duk mai zuwa kudu ya shirya guzuri. Samari suka miƙe. Kawu Gado bai sake yi mini magana ba har ya koma ga Allah, ya kuma hana 'ya'yansa sayen ko muciya a hannuna. A gari kuwa aka sa mini suna, wai yaron ƙanensa. Baba da aka ba shi labari cewa ya yi, “Ai na ce shina bayanshi.”

Muka tafi kudu a kamyon kumandan, babbar motar ɗaukar kaya, Nomau a gaba suna hira da direba, ni a baya da samari muna riƙe da ƙarfe kada mu faɗo. Hanyar da iyayenmu suka bi da gungume a ka, mu muka shafe ta a zaune. A kurmi ni na zaɓi itatuwa, giginya namiji kaɗai, mai baƙin ciki da tauri, wanda gara ke jin tsoro. Duk wanda na ɗora wa hannu Nomau ba ya musu, sai ya ce wa samari, “Yaya ya ce wanga.” Da muka dawo aka zo kafa ginshiƙai, na ce a kafa su yadda Baba ya yi, a rairayi, a danna. Nomau ya ce a'a, a haƙa har sai an tarar da ƙasa mai tauri, a shafe gindin da kwalta, a cika ramin da duwatsu. Ya faɗa a hankali, a gefe, inda ba mai ji. Muka yi yadda ya ce. Ya kawo ƙusoshi masu murɗi da yake kira bulon, ya nuna wa maƙerin gari yadda ake ɗaure su. Na so a ce ya yi kuskure ko sau ɗaya. Bai yi ba. Ruwan da ya zo shekaru bayan haka ya tumɓuke tsamiya a bakin ƙorama, ginshiƙan ko gezau.

Kullum da safe ana ɗora Baba a kan jaki a kawo shi, a shimfiɗa masa buzu a inuwa ya zauna yana kallo. Ranar da za mu ɗora babban gungume na tsakiya, mun ɗaure shi da igiyoyin kaba, mutane suna ja daga wancan gefe, ni da Nomau muna kan ginshiƙi muna daidaita bakinsa. Sai igiya ɗaya ta tsinke. Gungume ya juyo kan Nomau, shi kuwa ya ba shi baya. Ban yi tunani ba, ba kuma jarumta ba ce, jiki ne ya yi abinsa. Na hankaɗa shi ya faɗa rairayi, icen ya sauka a kafaɗata ta hagu, na ji ƙashi ya yi ƙara kamar an karya kara, na faɗo ni ma. Ina kwance ina neman numfashi sai na ga Baba ya taso, mutumin da sai an ɗaga shi, yana gudu yana tuntuɓe a cikin rairayi, rawaninsa ya warware. Ya zo daidai kaina. Na ga ƙafafunsa, na ga faso a diddigensa. Ya wuce ni. Ya durƙusa wurin Nomau yana shafa masa kai da ƙirji yana kiran sunansa, shi kuwa ko ƙwarzane bai yi ba, rairayi ne kawai ya cika masa baki.

“Baba, ba ni ba ne, Yaya na,” in ji Nomau, yana ture hannunsa.

Baba ya juyo ya dube ni. Ya buɗe baki, sai ya kau da kai ya ce wa samari, “Ku ɗauke shi, ku kira maɗori.”

Masu hankali sun ce mini kunya ce ta hana shi, wai uba ba ya rungumar ɗan fari a gaban jama'a. Wataƙila haka ne. Ni dai abin da na gani na faɗa muku. Na yi kwanaki a kwance da karare a kafaɗa. Inna takan dafa romo ta ba Dije ta kawo, ta tsaya a bayan zana tana tambaya ƙasa-ƙasa ko wancan ya sha. Nomau kuwa kullum da la'asar yana bakin gadona, yana ba ni labarin abin da aka yi, yana neman shawara, yana kore mini ƙuda. Ya faɗa wa duk wanda ya sani cewa na fanshi ransa. Mutane suka ce, kai, Nomau akwai sanin ya kamata.

Jinkar kuwa aikina ce, wannan ku riƙe shi da kyau. Tunanin nasa ne, ban ƙwace masa ba, amma bai san yadda ake tanka ba, bai san shuci, ciyawar jinka, daga gamba ba. Tun kafaɗa ba ta gama haɗewa ba na fito. Na kafa dirkoki dogaye yadda kamyo da lodinsa zai shige ba tare da ya taɓa ba, na sa aka yi rufin da gangara sosai don ruwa ya zube nesa da ice, na bar gefe a buɗe iska ta riƙa ratsawa. Mata suka yanko shuci, tsofaffi suka tufka igiya, makiyayan bayan gari suka ba da bijimai biyu na jan kaya ba a roƙe su ba. Na hau da hannu ɗaya da rabi na yi baibaya da kaina. Tun daga lokacin hannun hagun nan bai sake ɗaguwa ya wuce kunnena ba, kun sha ganin yadda nake sa riga.

Kafin ruwan farko kumandan ya zo da kamyo cike da buhuna, ya sa aka bi ta kai a hankali. Gada ba ta ko yi ƙara ba. Mata suka rangaɗa guɗa, waɗanda dā suke tofi. Makaɗi ya saki kalangu yana wasa Nomau, ɗan Bawa mai sa wa gada hula. Kumandan ya kama hannunsa yana girgizawa, sai na ga Nomau ya nuno ni yana ta zuba Faransanci, ya nuna jinka, ya nuna kafaɗarsa. Bature ya dube ni ya gyaɗa kai kamar yadda ake yi wa doki mai kyau, ya juya. Ba wanda ya fassara wa jama'a, ni ma har yau ban san abin da ya ce ba. Tun daga ranar sunanta Gadar Nomau.

Ba a jima ba aka aiko ana nemansa a ma'aikatar hanyoyi a Doso, wai akwai wasu gadoji da suka lalace a ƙasar, ana son ya shugabanci gyaransu. Bai je wurin Baba ba, wurina ya zo, gindin gawo.

“Yaya, tsoho ya tsufa, kai kuma hannunka bai koma daidai ba, sabili da ni. In ka ce in zauna, ina zama. Wallahi ba ni jin komi.”

Na san da gaske yake. Na ce masa ya tafi, arziki ba ya sallama sau biyu, gida kuma ina nan. Shawara ce mai kyau, kuma ta yi masa kyau, kun ga gidansa a Yamai, kun ga inda 'ya'yansa suka kai. Amma a ƙarƙashinta akwai wani lissafi nawa: na ɗauka in ya tafi, gida zai koma ni da Baba kamar dā, ido kuma in bai ga wata ba dole ya ga tauraro. Ashe ban san Baba ba. Tun daga makon da Nomau ya tafi, sai ya ce a riƙa kai shi gada. A can yake yini a ƙarƙashin jinkar da na yi, tare da masu sayar da fura da matafiya masu fakewa rana. Duk motar da ta rage gudu za ta hau, sai ya ɗaga sanda ya tambayi direba ko ya san kafaran Nomau na Doso. Ni nake kai shi da safe, ni nake ɗauko shi da yamma, a hanya kuma ba shi da zance sai wane direba ya ce ya ga Nomau a wuri kaza ya yi ƙiba.

Da damina ta biyu ciwo ya kwantar da shi. Na ba direbobi saƙo ɗaya bayan ɗaya, aka ce Nomau yana can wajen aiki a daji, saƙo zai same shi. Ranar ƙarshe da hantsi ina zaune na ɗora kan Baba a cinyata ina ba shi ruwa da ludayi, idonsa ya riga ya rufe. Ya lalubo hannuna ya riƙe, ya shafa kantar da ke tafina. Rabona da hannunsa a cikin nawa tun ina koyon riƙe gatari.

“Nomau, ka zo?”

“Ni na, Baba. Arzika.”

Bai saki hannun ba. Na jira. Can sai ya ce, “Kamar na ji mota. Tahi gada ka duba mini, kada shi sauka bai iske kowa ba.”

Inna ta ce in bari a aiki yaro. Baba ya ce a'a, shi ya tahi, shi ka iya riƙo mishi kaya. Na sauke kansa a kan matashi na tafi. Ƙorama ta cika, ruwa ja yana wucewa a ƙasa, yayyafi yana sauka a kan shuci, ko ɗigo bai taɓa azara ba. Mota ɗaya ta zo, ta 'yan kasuwar Tibiri ce, ta wuce. Na tsaya ina duban hanyar Doso ina roƙon Allah ya kawo shi, kuma ban taɓa roƙon wani abu da gaske irin na ranar ba. Ina nan tsaye na ji kukan mata ya tashi daga gari.

Nomau ya iso bayan an yi addu'ar uku, da laka har gwiwa, don motar ta maƙale ya ƙarasa da ƙafa. Ya tarar da ni a zaure cikin masu gaisuwa. Ya faɗa jikina, a kan kafaɗar nan ta hagu, yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana cewa Yaya ka yafe mini, na bar ka da nauyi kai kaɗai. Ni kuwa tun ranar da aka binne Baba hawaye ko ɗaya bai zo mini ba, na nema na rasa. Na rungume shi ina bubbuga bayansa ina ba shi haƙuri, kafaɗa tana mini zugi. A bayana na ji wani dattijo yana ce wa na kusa da shi, ƙasa-ƙasa, “Allah sarki, ka ga wanda mutuwar ta taɓa.”